Ƙaramar Bindiga da Babbar Riga

Na manta abubuwa da yawa a duniya, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi rawa a tsakiyar Matameye ba. Ni da ko ina yaro ban taɓa ɗaga ƙafa don kiɗa ba. Kuma ba kiɗan ne ya ja ni fili ba, bindiga ce.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba. Ina fataucin fata da kanwa zuwa ƙasar Kano, in dawo da tufafi da goro. Da jakin aro na fara har na tara nawa, kuma ba wanda ya taɓa yi mini wayo a ciniki (ku riƙe wannan maganar, za ta yi muku amfani wajen dariya nan gaba). Matsalata ɗaya hanya. Gaba da Dawce akwai dajin da 'yan fashi ke tare fatake, sun taɓa barina da wando kaɗai. Takobina bai hana su ba, da shi ma suka tafi. Sai na ƙudura sayen bindiga. To amma kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sa an tattara bindigogin ƙasa, duk talakan da aka kama da ita ba izini kaso ne a Damagaram, jakunansa kuma su zama na Nasara. Dole wadda zan saya ta zama wadda ido ba ya gani.

A Zangon Damagaram na sami wani tsohon sojan Nasara, Sarjan Mamadu. Ya saki labulen ɗakinsa, ya jera mini su a tabarma. Akwai gajeruwa ƙirar maƙera, wadda sai an ɗura mata albarushi. Na ce kafin in gama ɗura ta ɗan fashi ya ci tuwo ya wanke hannu. Akwai irin ta hafsoshin Nasara, kyakkyawa, amma nauyi kamar dutsen niƙa. Na soke ta a zariyar wando don gwaji, ban kai bakin ƙofa ba wandon ya fara sallama da ni. Can gefe kuma ga wata 'yar mitsitsiya, shimfiɗaɗɗiya, tafin hannuna ya rufe ta ruf.

"Wannan ta matan Nasara ce," in ji Sarjan. "In ka harbi mutum daga nesa, haushi kawai za ka ba shi."

"Ni ba yaƙi zan je ba, Sarjan. So nake a ji ƙara a gudu, ni ma in gudu."

Na gwada ta yadda nake gwada jaki kafin in saya. Na sa ta a ƙirji na yi tafiya, na durƙusa kamar mai gaida sarki, na zauna, har sujada na yi. Ba ta motsa ba, ba ta nuna ba.

Sarjan ya ce, "Aibinta ɗaya, ba ta tuna wa mai ita cewa tana nan."

Na ce, "Ai abin da na zo nema ke nan." Har ina jin daɗin amsar tawa.

Ban kai wa maɗinki aikin aljihunta ba, don maɗinkin garinmu in ya ji magana da safe, kafin azahar maganar ta iso bakin rijiya. Da kaina na ɗinka ɗan aljihu a bayan babban aljihun ƙirji na shuɗiyar rigata, inda aikin zare ya yi kauri ba a ganin tudu (ɗinkin kuwa irin na mai facin buhun kanwa, sai dai Allah ya riƙe). Na yi watanni ina yawo da ita. Na wuce gardi, wato dogaran kumandan, na gaida sarkin Kance, na ci kasuwanni. Ko maiɗakina ba ta sani ba. 'Yan fashin ma, kamar an gaya musu, ba su sake fitowa ba. A hankali maganar Sarjan ta tabbata.

Sai abokin cinikina Malam Habu ya yi wa ɗansa aure a Matameye. Bayan la'asar aka cika ƙofar gidansa. Ga surukina a tabarmar dattawa. Ga Isufu, gardin kumandan, da jar hularsa, ya zo cin nama. Ga masu kalangu, ga maroƙinsu Ɗan Lami, siririn mutum mai murya kamar kakaki. Ya fara da wani ɗan kasuwa da muke gasa da shi, mutumin ya cire rawani ya miƙa, aka yi guɗa. Sannan ya juyo kaina.

"Ga wanda ya fara da jakin aro, yau ana aro a wurinsa. Mai fata, Kano ta san takunka. Wasu kai suke tuɓewa su bayar, kai ban san inda za ka tsaya ba."

Ni da nake cewa zuga ba ta kama ni, kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Na miƙe, na tuɓe shuɗiyar rigar nan, na yafa masa. Wurin ya kaure da guɗa. Na koma na zauna da 'yar shara, ina kallon mai rawani ta gefen ido.

Iska ta bugi ƙirjina, na kai hannu. A nan na tuna.

Kun dai san abin da aka ba maroƙi ya tafi. Wanda ya ce a maido masa, har jikokinsa za su ji labari a bakin kalangu. Ga Ɗan Lami ya zura riga, yana ta cusa goron da ake ba shi a aljihun ƙirji, yana tsalle. Kowane tsalle ina tuna ɗinkina. Kuma tsallen yana kai shi ne wajen tabarmar Isufu. In bindigar ta faɗo, ba mai tambayar rigar wa ce, gari duka ya ga wanda ya tuɓe.

Ban san sanda na faɗa fili ba. Na buɗe hannuwa, na karkaɗa kafaɗa, ina jefa ƙafa kamar jakin da ya taka ƙaya. Makaɗa suka ga abin da ba su taɓa gani ba, suka ƙara wuta. Na hangi surukina ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Na matsa, na rungume Ɗan Lami kamar daɗi ya kwashe ni, na zura hannu. Kuskuren yatsa ɗaya, na faɗa babban aljihu. Ya cafke wuyan hannuna ya ɗaga sama, ga goro cike da tafina.

Kiɗa ya tsaya.

Ɗaya hannun nasa ya kai ƙirji don ya kare sauran goronsa, sai na ga fuskarsa ta sake. Ya taɓa ƙarfen. Ya dube ni, ya dubi jar hula, ya sake dubana.

"Rufa mini asiri, Ɗan Lami," na ce ƙasa-ƙasa.

"Wanne daga ciki, maigida? Biyu ne, ɗaya kawai zai rufu."

"Na ƙarfen."

Ya dafe ƙirji da kyau kamar mai jin ciwon abin da aka yi masa, ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida, ya ba da riga, ya biyo goro."

Dariyar da aka yi har kaji suka watse. Isufu ya ƙware da nama, yana hawaye yana cewa, "A bar masa goronsa mana, kun san ɗan kasuwa ba ya komawa gida hannu banza." Malam Habu ya rufe baki da hannun riga. Ni kuwa na tsaya riƙe da goro, na ma yi godiya.

Washegari Ɗan Lami ya yi sallama a zaurena da ƙwaryar gero, abar tana binne a ciki. Bai ce a ba shi komai ba. Ya dai ce shuɗi ya karɓe shi ƙwarai, kuma salla tana tafe. Tun daga nan kowace salla da rigarsa, kuma bakinsa bai taɓa zamewa ba, Allah ya jiƙansa.

Bindigar ban taɓa harba ta ba. Na rabu da ita a tafiyata ta gaba, na koma bin ayari kamar kowa. Jakunana suka tsira, sunana ne bai tsira ba, daga Kance har Dawce Biyo-Goro ake ce mini. Na koyi cewa abin da ka ɓoye wa kowa, a ƙarshe kai ma ɓace maka zai yi, shi ya sa har yau ba na kyautar riga sai na laluba aljihunta ciki da waje. Mutane kuma su taɓa juna su ce, kun gani ko, halin yana nan.