Rasuwar Gwaggo, Na'urar Mota Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da zaman kujera ya riga ya gajiyar, direban babbar mota mai lamba goma sha huɗu, wanda kowa a gareji yake kira Baba Totur, yana sanar da 'yan'uwa direbobi da ma'aikatan ofis da masu lodi rasuwar abokiyar tafiyarsa, na'urar sa ido a kan tuƙi da aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a layin jiran danja, bayan jinyar wata biyu. Shekararta shida da wata huɗu a duniya, kuma duk ta yi su ne a ɗaure a ƙarƙashin sitiyari.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, 'yar na'ura ce baƙa da ba ta fi tafin hannu ba, mai koren ido guda ɗaya da muryar mace. Aikinta shi ne ta ji duk abin da ƙafar direba da hannunsa suka aikata, gudu ne, birki ne, kwana ce, ta faɗa masa a fuska, sannan ta kai rahoto ofis tun kafin ya kashe injin.

Mai wannan sanarwa ba zai yi wa gawa ƙarya ba: bai yi maraba da zuwanta ba. Ranar da kamfani ya ɗaura ta, ya riga ya yi shekara ashirin da ɗaya yana jigilar katan-katan na sabulu da man girki, bai taɓa buge ko akuya ba. Sunan Totur ma ya same shi ne saboda ƙafarsa ta dama ba ta san hanyar sauka daga kan totur ba, kuma a lokacin yana ɗaukar sunan a matsayin kirari. To ga mutumin da yake ganin shi ya haifi hanya, ga kuma akwatin da bai kai girman rediyonsa ba an ce shi zai koya masa tuƙi. Bai gama fita ƙofar gareji ba ya ji murya daga wajen gwiwarsa.

“Rage gudu.”

Sai da ya waiwaya bayan kujera. A makon farko ta faɗi wannan magana sau sittin da uku, ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta kuma rage ba. Shi ya raɗa mata suna Gwaggo, saboda ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, wadda kuskure bai taɓa kwana a gidanta ba tare da an yi masa magana ba.

Ya cuce ta, kuma yana so a sani. Ya taɓa sa mata tsohuwar safa har ruɓi biyu. Ya taɓa manna mata cingam a baki. Ya ƙure muryar rediyo tun daga gareji har wurin sauke kaya don kada ya ji ta. Akwai ranar da ya zare mata waya ya ce ɓera ne. Da aka mayar da wayar, abu na farko da ta yi shi ne ta sanar da ofis ƙarfe nawa ɓeran ya zo, da kuma cewa ɓeran yana tafiya da kilomita casa'in a awa. Bai roƙe ta gafara tana da rai ba. Yana roƙo yanzu.

Kowace safiyar Litinin tsegumin Gwaggo yakan kai shi gaban Malama, jami'ar horar da direbobi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ɗakinta ƙarami ne, kujera biyu da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. Takan juyo masa da allon kwamfuta, sai ya ga hanyarsa ta mako a kan taswira, jajayen ɗigo sun feso mata kamar ƙyanda. Malama ba ta faɗa. Takan ɗora alƙalami a kan ɗigo guda ta tambaye shi me ya faru a nan. Kowane ɗigo yana da hujjarsa: nan mai babur ne, nan rami ne, nan kuma manaja ne ya kira sau uku yana tambayar ko a kan kunkuru aka ɗora kayan. Tana saurare, tana rubutawa, shi kuwa yana ganin ɓata takarda take yi.

Bayan wata uku sai ya ga an ƙara minti arba'in a kan lokacin da ake ba shi na kai kaya. Ashe Malama ta kwashi hujjojin nan ta haɗa da rahoton Gwaggo, ta shiga ofishin manaja ta nuna masa cewa babu mai cika wannan lokacin sai wanda ya shirya kashe wani. Ranar ce Baba Totur ya cire safar. Ya gane cewa bakin da yake kai ƙararsa shi ne kuma yake ba da shaidarsa, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan busasshe ne, don haka aikin ya ɗauki shekara biyu, kuma dukkansu sun sha wuya. Ya koyi ɗaga ƙafa tun yana hango shataletale. Ya koyi barin tazara tsakaninsa da na gaba, ya kuma koyi haɗiye zuciya idan wani ya kutsa cikin tazarar. Ya koyi tsayawa idan ta ce “Lokacin hutu ya yi,” ko da saura tafiyar minti ashirin. Maiɗakinsa ce ta fara lura cewa yana dawowa gida kafaɗunsa a sauke, kuma ya daina amsa sallamar yara da tsawa.

Marigayiyar ba ta san babba da yaro ba. Abin da za ta faɗa wa sabon direba shi za ta faɗa wa mai furfura, da murya iri ɗaya. Ba ta riƙo: komai tsiyar da aka yi jiya, da an murɗa makulli da safe za ta yi “tit” sau ɗaya, idonta ya kawo kore, a fara sabon lale. Tana da nata aibin. Har ta rasu ba ta iya bambanta faɗawa rami da taka birki ba. Kuma a shekara shida ba ta taɓa ce masa sannu da aiki ba. Yabonta shiru ne. Ranar da ya fara yin tafiyar yini guda ba ta ce uffan ba, sai da ya faka ya durƙusa ya leƙa ko ta mutu.

Amma abin da ya sa wannan sanarwa ta yi masa nauyin rubutawa ya faru ne a shekararta ta biyar. Jajayen ɗigon da suka ɓace sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ba gudu ba ne. Duk birki ne na ba-zata, duk da yamma, duk a mararraba, duk kuma inda abin hawa yake shigowa ta hannun dama. “Birki mai tsanani,” in ji Gwaggo, yau da gobe da jibi. Ya sani sarai abin da take nufi. Wata takwas ke nan idonsa na dama yana gani kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu, kuma bai faɗa wa kowa ba, har maiɗakinsa, don direban da ya rasa ido ya rasa lasin, kuma shi ban da sitiyari bai iya riƙe komai ba.

Wata Litinin Malama ta tashi ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta juyo da allon ba. Ta nuna kalandar da ke bango.

“Baba, rufe idon hagu ka karanta min layin ƙasa.”

Ya rufe. Fanka tana ta kukanta. Layin ya ƙi karantuwa.

“Malama, in na faɗa miki, motar ta tafi ke nan.”

“In ba ka faɗa min ba, Baba, wani ne zai tafi. Motar kam za ta jira ka.”

Yanar ido ce, in ji likita, kuma irin wadda ake cirewa. Bayan an cire, ya yi mako shida a gida da bandeji da baƙin tabarau, yana zaune a tsakar gida yana jin motoci suna wucewa a titi, yana gane wadda direbanta ya makara da birki. Ranar da ya dawo ya murɗa makulli, ta yi masa “tit” ɗinta guda ɗaya kamar jiya suka rabu. Bai yi mata godiya ba. Ya sa giya suka tafi. Har yau yakan ƙirga mararrabar da ya ratsa a waɗancan watanni takwas, da masu babur da masu tsallaka titi da suka fito ta damarsa, sai ya bar ƙirgar don ba ta ƙarewa da daɗi.

Ciwon ajalinta ya shigo ne da damina, ta wata tsaga a robar gilashin gaba da aka kai rahotonta sau huɗu ba a gyara ba. Da fari muryar ce ta dushe. Daga nan sai ruɗewa: mota tana fake a gareji, an sa mata dutse a taya, sai a ji ta tana cewa a rage gudu. Akwai ranar da ta sanar da ofis cewa mota mai lamba goma sha huɗu tana tsakiyar kogi da cikakken lodi. Mai gyaran wayar mota ya kwance ta sau biyu, ya busar da ita, ya goge mata ciki da ɗan buroshi, ta farfaɗo na kwana tara. A karo na uku ya ɗago kai ya girgiza, ya ce irinta ma masu ƙerawa sun daina. Ranar Talata suna tsaye a danja, ba gudu ba birki, sai ta ce “Ra...” ta tsaya. Koren idon ya yi fari-fari ya ɗauke. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta danna ham, shi kuwa yana jiran ta ƙarasa.

Ta rasu ta bar motar da suka tsufa tare, wadda giyarta ta uku take shiga da addu'a. Ta bar rediyo mai kama tasha ɗaya, da madubin dama mai tsaga, da 'yan'uwa talatin da ɗaya a sauran motocin kamfani, waɗanda har yau akwai masu kwana cikin safa. Ta bar Malama da fayil mai kauri. Ta kuma bar ƙafar dama guda ɗaya, wadda ta samu a sangarce ta raine ta da kyar.

Kwana uku ke nan motar tana fita ba mai kai rahoto. Abokan aiki sun taya shi murna a wurin mai shayi, wani ma ya ce ya more kafin a kawo wata. Shi ma ya gwada. Jiya a miƙaƙƙiyar hanyar bayan gada, ba kowa gaba ba kowa baya, ya taka totur ya ga ko tsohon halinsa yana nan. Allura tana haura tamanin ƙafar ta ɗaga da kanta. Bai ji daɗi ba, bai kuma ji haushi ba. Gajiya kawai ya ji, da shirun da ya cika motar har wuya.

Za a sauke gawar gobe Juma'a da ƙarfe bakwai na safe, a rumfar bakanike, kusa da tulin tsofaffin tayoyi. Mai makoki ya roƙi alfarma guda, an kuma ba shi: shi zai kwance noti huɗun da ke riƙe da ita da hannunsa. Daga nan za a naɗe ta a leda, a sa ta a kwali, ma'ajin sito ya sa hannu a mayar da ita ga masu ita. Ba a faɗa masa inda suke kai irinsu ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ƙarfe bakwai da rabi za a ɗaura magajiyarta. An ce wannan tana da kyamara, tana kallon fuskar direba, har hamma tana ƙirgawa. Ba ta san shi ba, ba ta san abin da ya bari ba, kuma Malama ta gaya masa cikin tausasa murya cewa makinsa daga sifili zai fara, kamar na wanda aka ɗauka aiki shekaranjiya. Shekararsa hamsin da takwas. Ya ce to.

Masu son yin ta'aziyya su same shi a bencin bakin ƙofa kafin ƙarfe takwas, kuma a taƙaita. Ba za a yi zaman makoki ba. Akwai lodi.