Ranar da na turara jitar Kawu Sani

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a Gummi ba, lokacin ina shekara ta biyu da buɗe shagon kafinta, ina ji a raina babu katakon da zai gagare ni a duniya.

Kawu Sani, ƙanen Inna, tsohon soja ne. Da ya dawo daga aikin kwantar da tarzoma a Laberiya, bai zo da komai ba sai jita guda, ta wani abokinsa da ya rasu a can. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bakin gulbi yana kaɗa ta a hankali, masunta na wucewa suna rage tafiya. Da shekaru suka ja, wuyan jitar ya sunkuyo, tsirkiyoyin suka yi nisa da katako har yatsunsa ba sa iya danne su. Ya ce zai kai ta Gusau gyara.

Nan na buɗe baki na ce ai aikina ne. (Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa ganin wani dattijo a Gusau yana yi. Ya huda ƙaramin rami a mahaɗar wuyan, ya zura siririn bututu daga butar shayi, tururi ya narkar da gam, wuyan ya zame salin-alin, sannan ya daidaita shi ya mayar.) Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo min ita da hannu biyu.

To, ba ni da bututu, ba ni da haƙuri. Amma a tsakar gidanmu Inna da maƙwabtanta suna turara shinkafa a babbar tukunya, tururi na tashi har sama da katanga. Sai na yi wani lissafi mai ban tausayi: idan ɗan tururin buta ya yi aikin a awa ɗaya, ai wannan zai gama shi kafin a kira azahar. Na kwance tsirkiyoyi, na ɗora jitar a bakin tukunya, na lulluɓe ta da buhu.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka dahwawa? Ba jitar kawunka ta ba?"

Na ce, "Inna, aikin ilimi na."

Na zauna a kan turmi ina kallon tururin yana lanƙwasa cikin hasken rana, ƙamshin shinkafa na shiga hancina. Hankalina ya tafi. Na ga shagona ya koma Gusau, da allo mai shuɗin fenti. Na ga makaɗa suna sauka daga motar Sakkwato, kowa rungume da kayan kiɗansa, suna tambayar ina gwanin nan na Gummi. Na ga Kawu a bakin gulbi, jitar na fitar da murya fiye da da, yana nuna ni da kai. Har na fara tunanin launin rigar da zan riƙa sawa.

Wata ƙara ce ta dawo da ni, ƙas! Na yaye buhun na kama wuyan, ya biyo hannuna ba gardama. Na ɗaga shi sama ina murmushi. Sai fuskar jitar ta ɗago, bayanta ya saki, 'yan katakan ciki suka zube cikin shinkafar mutane. Ashe duk jikinta da gam aka haɗa shi.

Matan suka kwashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ana cikin haka Kawu ya yi sallama. Dariyar ta ɗauke. Ya tsaya yana kallona, wuya a hannun dama, ludayi a hagu ina tsamo sauran.

Ya ce, "Wuyan ya hita?"

Na ce, "Ya hita, Kawu."

"To, madalla."

Ya durƙusa ya tsince katakan ɗaya bayan ɗaya, yana share ƙwayoyin shinkafa da bakin rigarsa. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Dattijon Gusau ya yi wata biyu yana harhaɗa ta. Ta dawo tana kaɗuwa, amma da wani ɗan zuuu a ƙarƙashin muryarta wanda babu shi a da. Kawu bai taɓa yi min gori ba, sai dai duk lokacin da zuuu ɗin ya fito, yakan ɗan lumshe ido.

Tun daga ranar na koyi faɗin "ban iya ba", kuma ina faɗinsa tun kafin a hura wuta.