Rasuwar Dattijo, Injin Kwale-kwalen Mai Fito

Da safen nan auta ta tsaya a kan injin da ke kwance a tsakar gida, ta tambayi uwarta ko shi ma za a yi masa wanka, tunda duk rayuwarsa a ruwa ya yi ta. Sai uwar ta ɗauko takarda ta rubuta wannan sanarwa.

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalan mai fito na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa tsallake kogi a kwale-kwalensu, rasuwar injinsu, wanda yara ke kira Dattijo. Ya cika ranar Talata da la'asar, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki da kuma doguwar jinya.

Marigayin ba mai yawan ci ba ne, ba kuma mai gardama ba. Sau biyu ake jan igiyarsa ya amsa, tuf-tuf-tuf. Daga madafa uwar yara kan gane muryarsa cikin injuna goma, ta soma zuba abinci. Shi ya kai ta asibitin tsallake ranar naƙudar auta, shi kuma ke kai yaran nan biyu makaranta ya dawo da su.

Ciwon ajalinsa ya fara a hankali. A tsakiyar kogi, in an ba shi wuta, gudu yake kamar saurayi. Amma da an rage wuta za a shiga gaɓa, sai ya yi tari biyu, fut-fut, ya yi shiru. Maigida ya canza fulogi, ya zubar da tsohon fetur, ya murɗa kusar silo, mai daidaita ƙaramar wuta, gaba da baya, duk a banza. Da bakanike ya buɗe kafireto, sai ya tarar 'yar kafar da mai ke bi idan an rage wuta ta toshe da wasu zarurruka shuɗɗa. Uwar yara tana gani ta gane launin. Tsohon ɗankwalinta ne. Ita ta ba da shi da hannunta a riƙa tace fetur, tun da matacin mai ya fashe, don kada datti ya cuci Dattijo.

Daga nan maigida ya koyi zungurar kafar da allurar ɗinkinta duk lokacin da tarin ya dawo. Yau da gobe kafar ta buɗe, mai ya riƙa yi wa injin yawa, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Ita da ɗankwali, shi da allura, da kyakkyawar niyya suka taru suka ƙarasa bawan Allah.

Ranar Talatar kogi ya cika maƙil. Uwar tana tsaye a gaɓa tana jiran yara, kwale-kwale ya matso har tana hango kitson auta, sai Dattijo ya yi tarinsa na ƙarshe. Maigida ya ja igiya har hannunsa ya yi jini. Ya laluba filafili, babu. Filafilin yana gida, shekara biyu ke nan da tokare igiyar shanya da shi, saboda yardar da aka yi wa marigayin. Ruwa ya ja su ya nufi ginshiƙin gada, yayar ta riƙe auta da hannu biyu. Wani masunci ne ya jefa musu igiya. Takalmi ɗaya kawai kogi ya ci, amma har yau uwar ba ta iya kallon ɗayan.

Maigida ya ce da sauran numfashi, a bari ya sake gwadawa. Ta ce, “Baban yara, ka yi haƙuri. Injin da zai yi shiru da 'ya'yana a kansa, a wajena ya riga ya mutu.” Sai ya je ya kwance shi daga jikin kwale-kwalen da kansa.

Marigayin ya bar kwale-kwale ɗaya, jarkoki biyu, farfela mai giɓi, da filafilin da ya koma bakin aiki. Ya kuma bar mai fito, wanda tafin hannunsa duk ya yi bororo saboda tuƙi.

Za a ɗauki gawa a baro ranar Asabar da hantsi zuwa rumfar bakanike, inda za a raba sassan jikinsa ga injuna mabuƙata. Ban da kafireton. Uwar yara ta kulle shi a gwangwani, ba za a sa shi a jirgin kowa ba. Ana karɓar gaisuwa a gaɓa.

Ke kuma uwa mai karanta wannan, kafin ki miƙa ɗanki cikin kwale-kwale, ki sa a tayar da injin a rage masa wuta a gabanki, ki saurara. In ya yi tari, ki sauke yaronki. Ki kuma leƙa ciki ki ga filafili da idonki, kada ki yarda da “yana nan”.