Ranar Da Na Ja Surukina A Kolkata

Ko lambar wayata zan iya mantawa, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kifar da surukina cikin ruwan kwata a ƙasar Indiya ba. Shekara biyu ke nan, kuma har yau in abin ya faɗo mini sai na ji zuciyata tana tafasa. Babban abin haushin shi ne babu wanda zan huce a kansa sai ni kaina.

Surukin nawa, Baba Malam, tsohon hedimasta ne a Keffi, mutum mai jiki, mai ƙarancin magana. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma yana dushewa. Likita ya ce in ba a yi masa aiki cikin wata biyu ba, to, sai dai sanda. 'Ya'yansa suka samo asibiti a birnin Kolkata, aka fara neman ɗan rakiya. Ni da bakina na ce ni ne. Na ce mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana fitowa daga unguwar Liman Abaji a Keffi da asuba, yana kokawar mota a Mararaba har ya kai ofis a Abuja, babu hanyar da za ta gagare shi a duniya. (Matata Hajara kallona kawai ta yi, ta ci gaba da ninke kaya.)

Ranar da aka sa mana ta aiki, muka wayi gari ruwan sama ya cika layin masaukinmu har gwiwa. Tasi duk sun tsaya, masu keke mai inji sun ɓuya. Ƙarfe tara ake jiranmu, ga shi takwas ta gota. Mai masaukin ya ce kada mu damu, akwai abin da ruwa ba ya hana shi tafiya, ya leƙa waje ya yi kira. Sai ga wani keke mai manyan ƙafafu biyu da kujera can sama, da dogayen sanduna biyu a gaba. Na duba inda ya kamata a ce doki ne ko jaki, sai na ga mutum. Tsoho ne tukuf, siriri, ba takalmi, gemunsa ya fi na Baba Malam fari, da 'yar ƙararrawa ɗaure a yatsa.

Nan take raina ya ɓaci. A gidanmu ko buta dattijo ya ɗauka sai ka tashi ka karɓa. Yaya za a yi ni, ƙato da ni, in harɗe a sama sa'an kakana yana ja na? Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane. Akwai na biyu, wanda sai yau zan faɗa: kujerar matsattsiya ce, in na hau dole cinyata ta haɗu da ta surukina, mutumin da ko tabarma ɗaya ban taɓa zama da shi ba. (Na uku kuma, ina so Baba ya koma Keffi ya ce 'yarsa ta auri ɗan halak.)

Aka taimaka wa Baba ya hau. Tsohon ya nuna mini gefensa, ni kuwa na naɗe ƙafar wando na kama sandunan. Ya girgiza kai, ya riƙe gam, yana ta magana da yarensu. Na ɗauka kara yake yi mini, irin ta dattawanmu da za su ce ka bari alhali suna so ka karɓa. Na yi masa murmushi, na ɓamɓare hannunsa da ƙarfi.

Baba, da ba ya ganin abin da ake ciki, ya tambaya lafiya. Na ce, "Lafiya ƙalau, Baba, ku dai ku riƙe da kyau."

Abin da ban sani ba, wannan keken ba ƙarfi yake so ba. Nauyin fasinja a kan ƙafafun yake, mai ja daidaita shi kawai yake yi a tsayin ƙugu. Ni kuwa na sunkuya na cicciɓe shi kamar baron siminti, har ƙirji. Sai na ji sandunan sun yi sauƙi, sannan suka ci gaba da tashi ba da izinina ba. Kafin in ankara ƙafafuna sun bar ƙasa, ina lilo a sama, takalmina ɗaya ya bi ruwa. Ta baya na ji wani irin fanjam. Baba Malam, wanda rabin malaman unguwarmu suka bi ta hannunsa, yana kwance rigingine cikin baƙin ruwa, hularsa tana yawo.

Tsohon bai ɓata lokaci a kaina ba. Shi da masu shaguna biyu suka ɗago Baba, suka goge masa fuska, suka mayar da shi kujera. Sannan ya juyo gare ni. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ba, amma na san zagi in na ji shi, kuma na cancanta. Ya nuna mini kujerar da yatsa. Na hau sumul, na matsu da surukina cinya da cinya, dukanmu a jiƙe. Ya ɗauki sandunan, ya kaɗa ƙararrawa, ya ratsa ruwan nan da mu yana kauce wa ramukan da ba a gani, ko girgiza ba mu yi ba.

Mun isa a kan lokaci, amma a banza. Likitar asibitin ta haska idon, ta ce ruwan datti ya shiga, ya yi ja, ba za ta taɓa shi da wuƙa ba sai ya washe. Ta ba da maganin ɗigawa na kwana goma, ta kuma ƙi yi mana alkawarin komai. Ido ɗaya tal ya rage wa bawan Allah, kuma ni na tsoma shi a kwata.

Kwana goman nan ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin kaina ba. Ina ɗiga masa magani, shi kuwa sai ya ce an gode. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Hajara ta kira, na faɗa mata gaskiya, sai kawai ta ce in ba ta babanta.

Allah ya rufa asiri, idon ya washe, aka yi aiki. Bai dawo kamar da ba, amma yana gane fuska, yana karanta manyan baƙaƙe. Ranar da za mu koma a duba shi karo na ƙarshe, gari ya bushe, ga tasi birjik, sai Baba ya ce a kira masa tsohon nan. Da tsohon ya zo, Baba ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ba shi hannu, sannan ya hau. Na hau ni ma, ba musu.

Mun yi nisa kafin Baba ya yi magana, kuma bai ko dube ni ba.

"Ranar da suka yi mini ritaya suka karɓi makullin ofishina, suka ce in je in huta, su ma cewa suka yi girmama ni suke yi," in ji shi. "Na yi wata uku ban fita ƙofar gida ba."

Na zura wa bayan tsohon ido, yana tafe a natse yana kaɗa ƙararrawarsa.

Labari dai ya riga mu isa Keffi, don matata tana da 'yan'uwa mata huɗu. Yanzu ko baro aka turo a layinmu sai wani ya ce a ba ni in gwada, ni kuwa in haɗiye fushina in wuce. Amma na koyi darasi. In na ga dattijo yana aikinsa, gaishe shi nake yi, in zuba hannuwana a aljihu, in jira sai ya ce in kama masa.