Rasuwar Mai Sulke, Jirgin da Bai Taɓa Tashi Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, wato zuciyar Mainasara mai walda shi kaɗai, ake sanar da jama'ar Daura rasuwar jirginsa, Mai Sulke, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar a tsakar gida, daidai inda aka haife shi.

Marigayi jikan Junkers ne, jirgin yaƙin Jamus na 1917 da aka lulluɓe wa inji da mazaunin matuƙi da ƙarfe, don ya sauko ƙasa-ƙasa ya yi wa sojoji ruwan wuta. Mainasara ya ga hotonsa a waya, ya lura jikinsa gurbi-gurbi ne kamar kwanon rufi. Sai ya ɗaga kai ya dubi ɗakin matarsa Hadiyya. A ranar ya kwance rufin don ƙera jirgi, ya shimfiɗa mata tamfol, ya ce zai mayar mata kafin damina.

Marigayi mai haƙuri ne, bai taɓa kai wa kowa hari ba. Ƙofar ƙarfe aka yi masa sulke da ita, ƙarti shida ba sa gusar da shi. In an tayar da injin ban ruwan da ke ƙirjinsa, sai ya ce "gur-gur-gur, fus!" ya yi shiru. Kaji kan watse, shi ke nan yaƙin.

Ciwon ajalinsa ruwan farko ne. Da hadari ya haɗo daga wajen Baure, Mainasara ya yaye tamfol daga ɗakin Hadiyya ya rufe jirgi, don kada ya yi tsatsa. Katifarta ta sha ruwa, garin tuwo ya zama kunu. Da aka ɗauke, ta fito da taɓarya. Ashe Jamusawa ba su sa wa fukafukai sulke ba, shi ma Mainasara bai sa ba. "Ƙwal! Ƙwal!" su ne kalaman marigayi na ƙarshe.

Ya bar uba ɗaya mai kuka, da farfela ta katako, da kaza mai kwanci a kujerar matuƙi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a kan ɗakin Hadiyya. Mai zuwa ya riƙo guduma da ƙusa, ba a bukatar addu'a mai tsawo don hadari na nan tafe. Mainasara da kansa zai hau tsani da gawar. Wannan ne karo na farko da marigayi zai yi sama.