Rasuwar Sha-Gishiri, Jirgin da Iska Ta Yi wa Butulci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda wani abu kuma ke cinta ta gefe, nake sanar da 'yan'uwa masunta da dillalan kifi da masu zaman bakin gaɓa cewa rai ya yi halinsa. Jirgina na katako, wadda kowa ya sani da Sha-Gishiri, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi. Ta cika a ɗaure a turkenta, turken farko na kusa da rumfar awo, wanda ƙanina ya daɗe yana kallo kamar kura ta ga akuya.

Marigayiyar ta yi rayuwar rufin asiri. Ba ta taɓa shan mai ba, ba ta taɓa zuwa wurin makaniki ba. Zanenta kawai za ka ɗaga, iska ta cika shi, ka ji ta ce ƙiiiƙ, ƙaƙ, alamar ta yarda ke nan. In kuwa ta ce ɓuƙ ɓuƙ daga ƙasa, to nemi gwangwani ka fara kwasar ruwa. Ita ta ciyar da gidanmu, ita ta aurar da 'ya'yana, kuma a cikinta wani mutum ya koyi riƙe filafili yana kuka yana amai. Ba zan faɗi sunansa ba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Ciwon ajalinta ya daɗe. A da iska tana bin gaɓa a kan lokacinta, ta kore ruwan saman teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincin kifi, kifin ya biyo har ƙofar gida. Sai iskar ta fara saɓa alkawari, bana ta makara, baɗi ta zo da hauka. Igiyar ruwan da muke bi ta ja da baya, ta yi nisa, kifi ya bi ta. Marigayiya tana tsufa, hanya tana ƙara tsawo. Haƙarƙarinta ya saki, ƙusoshinta suka zama gari. Na toshe da tsumma, na shafa kwalta, har ya zama kwaltar ta fi katakon yawa.

A daidai wannan lokaci ne ƙanin nawa ya sayo nasa jirgin, fari fes, na roba, mai inji. Ni dai bahon wanka nake gani, amma mutane sun ce jirgi ne, to jirgi ne. Ba hassada nake yi ba, Allah ya ƙara masa. Sai dai da masu binciken teku suka zo da kwalabensu da igiyoyin awo, turkena suka fara tsayawa, suka leƙa marigayiya, suka ga ruwa a cikinta har idon sawu, suka wuce wurinsa. Shi ya kai su, shi aka ɗauka hoto, shi aka ba hula mai rubutu. Tun daga ranar ya zama malami. Kullum yana rumfar awo yana bayani wai iska ce muciyar teku, tana tuƙa shi a hankali shekara da shekaru, in ta sauya hannu sai ruwan ƙasa ya daina tasowa sama, wai har ruwan ya fara tsami, shi ya sa ɓawon katantanwa ke laushi. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sai ya ƙare da cewa jirgin da ke jiran iska zamaninsa ya wuce, Yaya ya huta haka nan, a sakar wa masu rai turke.

Marigayiyar ta bar filafili biyu, ɗaya gurgu. Ta bar zane mai faci a kan faci, da gwangwanin kwasar ruwa wanda ya fi kowa wahala da ita, da anga mai tsayar da ita a ruwa, da igiya. Ta bar ni. Ta kuma bar uwar 'ya'yana, wadda tun kafin gawa ta yi sanyi ta hau bahon ƙanina zuwa kasuwar tsallake, ta dawo tana ba da labari wai ko gefen zaninta bai jiƙe ba. Shekarun da marigayiya ta yi tana jiƙa mata zani tana cika mata tukunya, duk ta manta.

Ina godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya. Ina godiya ta musamman ga ƙanina, wanda ya riga kowa zuwa, ya dafa kafaɗata, idonsa yana kan turke, yana auna tsawon igiyar bahonsa. Na je wurin shugaban masunta na sa ya maimaita min dokar gaɓa a gaban shaidu. Ya ce muddin igiyar jirgin mutum tana jikin turke, turken nasa ne. Na ce ko an ce dole jirgin ya zama yana kan ruwa? Ya daɗe yana sosa ƙeya, ya ce shi dai bai ji haka daga magabata ba.

Saboda haka za a yi jana'izar Sha-Gishiri ranar Asabar in ruwa ya janye, a gindin turkenta. Za a binne ta cikin yashi a bar hancinta a waje, da igiyarta a ɗaure ƙulli uku. Zan riƙa zuwa ziyara kowace safiya da kujerata. Masu zuwa su taho da shebur. Ƙanina, a matsayinsa na ɗan'uwan mamaciya mafi ƙarfi, shi aka ba haƙar kabari. Bahonsa kuwa ya ɗaure shi can ƙarshen gaɓa wajen duwatsu, inda iskar take bugawa sosai, tunda su biyu sun san juna.