Insha'in da Tunau Ya Miƙo ta Taga

A ƙauyenmu Gangaren Kuka akwai wani mutum ana ce da shi Tunau. Gidansu mutum uku ne da akuya ɗaya: shi, da mahaifiyarsa Inna Gaje, da matarsa Ladidi, sai akuyar, wadda duk gari ya yarda ta fi maigidan wayo. Tunau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Cutarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai mai faɗar ba haka kake nufi ba. Yana da shekara ashirin da tara ya ɗinka yunifom ya koma sakandaren garin, don Ladidi ta ce masa cikin wasa ta gaji da karanta masa saƙon waya. Aka sa shi aji biyar, bencin baya, da gemunsa.

Malamin nahawu da insha'i shi ne Malam Cindo, wanda ya shekara ashirin da biyu yana cin alli a makarantar. Shi ya bi gida gida yana roƙon iyaye har aka buɗe manyan azuzuwa. A shekarar nan kuma labari ya zo cewa za a kwashe manyan azuzuwan a mayar birni saboda ƙarancin ɗalibai, sufeto za ta zo kafin damina ta fita ta yanke hukunci. Kowa ya san in aka kwashe su, cikin yara talatin da ɗaya na ajin da wuya biyar su ci gaba. Abin ya hana Malam Cindo sukuni, ga kuma Tunau a kansa.

Wata rana Malam Cindo ya ce, "Maganar da ba ta da gabatarwa maganar mahaukaci ce. Ka fara shimfiɗa, ka zo kan gundarin magana, sannan ka kammala." Da yammacin ranar wuta ta kama ɗakin girkin Inna Gaje. Ladidi ta ce, "Maigida, ruga ka kira mutane!" Tunau ya sheƙa majalisar dattawa a ƙofar masallaci, ya yi sallama, ya gyara tsayuwa. "Da farko dai, wuta aba ce mai matuƙar amfani ga ɗan Adam. Da ita ake tuƙa tuwo, da ita maƙeri ke sana'a." Dattawa suka ce, "Haka ne." Liman har da gyaɗa kai, yana cewa boko ya fara kama yaron nan. Sai da ya kawo amfani huɗu sannan ya ce, "Sai dai kuma wuta tana da illoli." Wani tsoho ya ɗaga kai ya ce, "Kai Tunau, hayaƙin can ba daga gidanku yake tashi ba?" Tunau ya ce, "Baba, ka riga ni. Wannan a sakin layi na uku yake." Ko da aka isa, duwatsun murhu kawai suka rage. Duk da haka ya hau kan tokar ya fara, "A ƙarshe, ina kira ga jama'a," Inna Gaje ta jefe shi da guntun muciya.

Wata rana kuma aka koyar da wasiƙar neman alfarma. Malam ya ce duk abin da za a nema wurin na gaba, a rubuce ake nema, a sa adireshi da kwanan wata, a jira amsa. Tunau ya rubuta wa Inna Gaje takardar neman ƙarin tuwo, ya sa hannu, ya miƙa. Inna ba ta karanta boko, ta ƙunshe daddawa a ciki. Kwana biyu yana zaune gaban kwano da rabin ciki yana jiran amsa, akuya ce ta ci ribar abin, don ita aka riƙa juye wa ragowar tukunya.

Abin da Malam Cindo ya fi tsana a duniya shi ne ƙarya a insha'i. Yaro ubansa na sayar da rake a tasha, sai ya rubuta mahaifinsa likita ne mai mota biyu. Wata rana ya buga tebur ya ce, "Abin da ba ka gani da idonka ba, ba ka taka da ƙafarka ba, kada ya hau takardarka!" Ya ba su taken "Maƙwabcina". Maƙwabcin Tunau shi ne Alhaji Nomau, wanda a gidansa ba a ganin nama sai da Sallah, kullum yana kukan lokaci ya yi tsanani. Tunau ya bi shi da littafi tun daga fitowarsa har la'asar. Washegari Malam ya ce ya tashi ya karanta. "Maƙwabcina mutum ne mai son tsire. Yana cinsa a bayan injin niƙa, fuskarsa na kallon bango. Jiya tsinke bakwai ya ci. Da ya gama ya goge bakinsa da cikin hularsa." Tasalla, 'yar Alhaji Nomau, tana bencin gaba, ta rubuta adadin a tafin hannunta ta kai wa uwarta. Sati guda Alhaji bai amsa sallamar kowa ba, amma tun daga nan ake jin ƙamshin nama a gidan ranar Juma'a.

Wata rana Malam ya ga hannun Tunau ya fara faɗawa, ya ba shi jan biro ya ce, "Duk inda ka ga rubutu ba aya ba waƙafi, ka gyara, ko na wane ne." Wannan kyauta Malam ya yi nadamarta. Tunau ya gyara allon mai shayi, ya gyara katin ɗaurin auren ɗan Maigari, ya bi motar kasuwa da gudu don rubutun bayanta ba alamar tambaya. Daga ƙarshe ya iso allon sanarwa na makaranta, inda Firinsifal Malam Shekarau ya liƙa doguwar takarda game da zuwan sufeto. Ya yi mata jina-jina da ja, ya ba ta uku bisa goma, ya rubuta a ƙasa, "Ka zo ka same ni." Firinsifal ya zo ya same shi kuwa. Ya ƙwace biron, ya ce, "Ranar da baƙuwar nan za ta zo, kada ƙafarka ta taka harabar makarantar nan har ta tafi. Ka ji ko?" Tunau ya ce, "Na ji, Malam."

Sufeto ta aiko da taken insha'in da take so 'yan aji biyar su rubuta: "Tafiya daga ƙauyenmu zuwa birni". To, a makarantun irin namu akwai al'ada: in baƙo zai zo, babba ne ke rubuta insha'i a allo, yara su haddace kamar karatun allo, su juye. Firinsifal da kansa ya rubuta wannan, ya zuba masa kalmomi masu maiƙo: mota mai taushin kujera tana tashi kowace safiya, hanya shimfiɗe, kafin ka gama cin gyaɗa ka isa. Malam Cindo ya tsaya a gefe, baƙin ciki kamar ya kashe shi, amma ba ya iya ja da na gaba. Tunau ya same shi a waje ya ce, "Malam, motar nan ta allo, a ina ake hawanta?" Cikin takaici Malam ya ce, "Je ka gindin kuka ka jira ta." Washegari ba a ga Tunau a aji ba, kuma gaskiya ba wanda ya yi kewarsa.

Ranar ta zo. Sufeton, Hajiya Kuluwa, ta kewayo ta titin kwalta mai nisa a motar ofis. Ta zauna a aji ta karanta insha'i na farko, ta karanta na biyu, ta duba na goma. Duk talatin ɗin iri ɗaya, har gyaɗar. Ta cire tabarau ta ce, "Malam Cindo, shekara ashirin da biyu, wannan ka koya musu? Ban da haka ma, tun da mota na tashi kullum kuma hanya shimfiɗe take, me zai hana su zuwa birni? Kun sauƙaƙa mini aiki." Malam Cindo ya sunkuyar da kai, ni kam ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye kamar yadda ya tsufa a lokacin ba.

Sai ga wata doguwar gora ta tsinkar mangwaro ta shigo ta tagar baya, da takarda ɗaure a bakinta, ta ratsa kan yara ta tsaya daidai hancin Hajiya. Tagar gonar Liman take kallo, gonar kuwa ba ta cikin haraba. Tunau ne tsaye cikin dawa, taɓo har gwiwa, farar rigarsa ta yi shatin ruwa ja daidai ƙirji.

"Ranki ya daɗe, ga nawa."

Hajiya ta ce, "Wane ne wannan?"

Firinsifal ya ce, "Hajiya, ba shi da cikakken..."

Ta ɗaga masa hannu, ta kwance takardar, ta karanta a fili. "Da farko dai, tafiya aba ce mai amfani ga ɗan Adam. Na jira motar allo a gindin kuka daga asuba har hantsi, ba ta zo ba. Mai shayi ya ce sai Laraba, in ba a yi ruwa ba. Sai na taka. A rafin Maraki ba gada, ruwa ya kawo mini ƙirji. Ni ne mafi tsawo a ajinmu. Na isa makarantar birni ana kiran azahar, na tarar an tashi. Na kwana a tasha, na dawo yau, ruwan bai ragu ba."

Hajiya ta dubi bencin gaba ta ce da Tasalla, "'Yata, je ki tsaya jikin tagar can." Tasalla ta je ta tsaya. Ƙasan ajin da gonar daidai suke, shatin ruwan rigar Tunau kuwa ya wuce saman kallabinta.

Hajiya ta gwada tsawonsu da ido. Can ta juya takardar ta ce, "Malam Tunau, ina kammalawar?"

"Ranki ya daɗe, a kammalawa ake faɗin yadda abu ya ƙare. Malam ya ce kada in rubuta abin da ban gani ba, ni kuwa ban ga yadda ya ƙare ba."

Ta zaro bironta ta rubuta layi ɗaya a ƙasan takardar, ta karanta wa kowa: manyan azuzuwa za su zauna a Gangaren Kuka. Malam Cindo ya juya wajen allo yana gogewa, alhali ba komai a jiki. Hajiya ta ce, "Shigo mana mu gaisa." Tunau ya ce, "An ce sai kin tafi." Ta ɗaura takardar a gora, ya janye, ya duba layin nata da kyau, sai ga gorar ta sake dawowa ta kan yara.

"Hajiya, ba ki sa aya ba."

Ta karɓa, ta sa.